Magini ya faɗa an yi shiru, mai siminti ya faɗa an amince: zunubi ne ko girmama na gaba?

"Baba Fasto, barka da aiki. Ni ne magatakardan kwamitin gini a majami'armu, a wata unguwa ta bakin gari nan Maradi. Da muka zauna kan inda za a aza sabon ɗakin sujada, wani ɗan'uwa magini wanda bai yi lakwal ba ya ce filin hanyar ruwa ce, in ba a ɗaga tushe an yi magudana ba damina za ta ci ginin. Aka yi shiru, aka shiga wata magana. Bayan mako biyu wani babban ma'aikaci, wanda ya fi kowa ba da siminti, ya faɗi wannan maganar da 'yan kalmomin Faransanci. Nan take kowa ya amince, aka ce in rubuta da sunansa. Tun ran nan raina bai kwanta ba. Wannan zunubi ne, ko girmama na gaba ne kamar yadda aka koya mana? Ni yaro ne cikinsu, me zan yi?"

Ɗana, Ubangiji ya ƙara maka irin wannan rashin kwanciyar rai. Tambayoyi biyu ka haɗa, ta hukunci da ta abin yi, kuma zan bi su a jere. Amma ka fara lura da wani abu. Ginin ku ya tsira, tunda a ƙarshe an karɓi shawarar. Abin da kuka yi asara shi ne bakin maginin. Mutumin da ya yi magana a gaban manya aka yi kamar ba a ji ba, sannan ya zauna yana kallo ana yaba wa wani kan maganarsa, da wuya ya sāke buɗe baki. Ran da za a zo zancen katakon rufi ko yawan yashin da ake zubawa a siminti, zai gani ya yi gum, kuma a ranar ba lalle ba ne babban ma'aikacin ya san abin da zai faɗa.

Matakalar da muka shigo da ita majami'a

Mu mutanen Maradi cikin matsayi aka haife mu. Garin nan sarakunan Katsina ne suka kafa shi bayan jihadi, ga kuma Gobirawa a Tsibiri, don haka tsarin fada tsohon abu ne a jininmu: akwai mai zama kan shimfiɗa, akwai mai durƙusawa daga nesa, talaka kuma ba ya kai kukansa sai ta bakin wani. Daga baya kuɗi suka aza tasu matakalar, tun zamanin cinikin gyaɗa har zuwa fataucin da ake yi da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Nan ne muka koyi zaman ubangida da bara, inda yaron Alhaji ba ya ce masa ya yi kuskure ko da yana kallon motar za ta faɗa rami. Boko ya zo ya ƙara ta uku, wanda ya iya Faransanci ya zama shi ne mai ilimi, sauran kuwa sai a ce ba su waye ba. A ƙarƙashin waɗannan duka ga shekaru, ga bambancin namiji da mace, ga zancen asali wanda ba a faɗa da ƙarfi amma kowa ya san ɗan wane mahauci ne, ɗan wane maroƙi.

Baftisma ba ta wanke wannan a rana ɗaya. Muna shiga majami'a da shi, har mu ƙara namu: wane ɗan masu bi na farko ne, wane ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, wane ya yi aiki da Turawan mishan. Abin da ke ba ni mamaki shi ne saurin mantuwarmu. Mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta zo yankinmu ta zauna a Tsibiri, daga baya aka buɗe wurin jiyyar kuturta a Danja. Da yawa cikin waɗanda suka fara bin Almasihu a ƙasar nan marasa lafiya ne, da marayu, da manoman ƙauye waɗanda ba a tambayarsu komai a fada. Abin da Bulus ya tuna wa Korintiyawa a 1 Korintiyawa 1:26-29, cewa masu hikima da masu iko da 'ya'yan manyan gida ba su da yawa a cikinsu, tarihinmu ne sak. Jikokin waɗancan mutane ne yau suke zama a kwamiti suna shiru wa magini.

Ba zan ce duk mugunta ce ba. Ba mai iya gwada kowace magana da kansa, dole mutum ya jingina da wata alama, kuma matsayi alama ce mai sauƙin gani. Sai dai akwai tsoro a ciki: ikilisiya ƙarama, albashin fasto da kuɗin wuta suna rataye a aljihun mutum biyu ko uku, kowa na jin in aka saɓa musu aikin zai tsaya. Akwai kuma kunya. Talaka yakan faɗi maganarsa sau ɗaya, kai a sunkuye, ya buɗe da "ku gafarce ni, ni ban san komai ba", mai hali kuwa ya gyara zama ya maimaita tasa har ta zauna. Na ƙarshe shi ne mafi haɗari, wato koyarwar nan da ta bazu cewa dukiya shaida ce ta yardar Allah. In ka yarda da haka, dole ka ɗauka mai mota ya fi mai keke kusa da Allah, maganarsa kuma ta fi nauyi.

Littafin Ayuba ya rushe wannan tun da daɗewa. A sura 29 Ayuba yana tuna kwanakin wadatarsa: in ya fita ƙofar gari samari su ja gefe, tsofaffi su miƙe tsaye, hakimai su rufe baki da hannu, in ya gama magana ba mai ƙarawa. Juya zuwa sura 30, waɗanda ya girme su ne suke masa dariya. Mutum ɗaya ne, hankalinsa bai ragu ba, raƙuma da tumaki ne suka tafi. A ƙarshen littafin Allah ya ce Ayuba ne ya faɗi daidai game da shi, ba abokansa masu cikakkiyar lafiya da sutura ba.

Abin da Nassi ya nuna

Akwai ɗan labari a Mai Hadishi 9:13-16 wanda kamar a zamanku aka rubuta shi. Wani babban sarki ya kewaye ƙaramin gari da yaƙi, aka sami wani matalauci mai hikima ya ceci garin, amma ba wanda ya tuna da shi. Marubucin bai ɓoye ba, ya ce hikima ta fi ƙarfi, duk da haka ana raina hikimar matalauci, ba a jin maganarsa. Yakubu 2:1-9 kuwa ya shigo da zancen cikin ɗakin sujada: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, mai tsumma a ce ya tsaya can ko ya zauna ƙasa. Aya ta 9 ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce nuna tara zunubi ne. Yakubu wurin zama ya ambata, amma kunne ma wurin zama ne, kuma mun fi iya rowarsa.

Wurin da na fi so in tsaya da ɗalibai shi ne Ayyukan Manzanni 27, domin ya fi kama da rayuwa. Bulus ɗaurarre ne ana kai shi Roma. Lokacin tafiyar teku ya riga ya wuce, ya gargaɗe su cewa in suka tashi za a yi asarar kaya da jirgi har da rayuka. Aya ta 11 ta ce jarumin sojan ya fi yarda da matuƙin jirgin da mai jirgin. Ka sa kanka a matsayin sojan nan. Ga ƙwararre, ga mai dukiya, ga fursuna. Wa za ka saurara? Yawancin mutanen jirgin ma tashi suke so. Abin da sojan bai tambaya ba shi ne me wannan fursuna ya sani game da teku, alhali Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 11:25 cewa sau uku jirgi ya taɓa fashewa da shi. Bai kuma tambayi kansa me mai jirgin zai samu in an ci gaba ba. Sarƙar da ke hannun Bulus ta rufe masa ido daga abin da ke kansa. Suka kwana goma sha huɗu guguwa na wasa da su, jirgin ya farfashe, mutum 276 suka tsira da kyar. A tsakiyar wahalar kuwa, da Bulus ya ce kada a bar ma'aikatan jirgin su gudu, nan take sojoji suka yanke igiyoyin ƙaramin jirgin. Sai da aka ga uwar bari aka fara jin maganarsa.

Irin wannan ya cika Littafin. Yarinya baiwa ce ta nuna wa Na'aman inda zai warke, barorinsa ne kuma suka lallashe shi ya shiga Urdun da ya yi fushi. Matan da suka dawo daga kabari da labarin tashin Yesu, manzanni suka ɗauki maganarsu tatsuniya (Luka 24:11). Wanda ya fi ba ni dariya da kunya shi ne na Roda a Ayyukan Manzanni 12: ikilisiya ta taru tana addu'a Allah ya fid da Bitrus daga kurkuku, baiwa ta zo ta ce ga shi a bakin ƙofa, suka ce mata ta haukace. Ubangijinmu kansa, a Nazarat, tambayar da aka yi ita ce, ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne? Mai aikin hannu ne, irin maginin ku.

Gonakinmu ma sun ba da shaida

Ba sai mun je nesa ba. Shekaru da yawa masana aikin gona suna koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba toho. Dokar gandun daji kuma ta mai da itatuwa na gwamnati, har ana cin manomi tara kan itacen da ke cikin gonarsa, to me zai sa ya rene shi? Da hamada ta matso, aka zuba kuɗi wajen rainon dashe, ana kawo irin waje ana dasawa, yawancinsu suna mutuwa kafin su yi shekara. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya da ke zaune nan Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sarewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga saiwar itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka rage sauran, sai su tashi su zama itace. Manoma kaɗan da suka fara gwadawa dariya aka yi musu, aka ce ƙazaman gona ne. Yunwar 1984 ce ta sa abin ya bazu, da aka haɗa shi da rabon abinci. Yau shi ne muke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

Mutumin nan ya yi aikin kirki, Allah ya saka masa. Amma ka tambayi kowane tsohon manomi a Tsibiri ko Madarunfa, ya san sabara da kalgo suna tohowa daga kututture, ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Ilimin yana nan cikin ƙauye duk shekarun da ake ɗauko masana da jirgi. Abin da ya rasa shi ne bakin da za a saurara. A 2018 an ba Rinaudo babbar kyautar nan ta Right Livelihood tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso wanda bai yi boko ba, wanda mutanen garinsu suka fara kira mahaukaci saboda ramukan da yake haƙawa cikin fako yana zuba taki.

Kada kuma a faɗa ɗaya ramin

Samari sukan ji irin wannan bayani su ɗauka an ba su izinin raina manya. A'a. Littafin Firistoci 19:15 ya hana tara ta kowane gefe: kada ka goyi bayan matalauci don talaucinsa, kada ka ji nauyin babba don girmansa. Talauci ba hikima ba ne, ƙuruciya ma haka. Rehobowam ya bar shawarar dattawa ya bi ta sa'o'insa, mulki ya tsage gida biyu (1 Sarakuna 12). Kuma akwai matsayin da aka samu da gumi a kan abu takamaimai. In yaro na zazzaɓi yana suma, maganar ma'aikaciyar asibiti ta fi ta maƙwabciya, ko da maƙwabciyar ta girme ta, ko da ta fi ta yawan addu'a. Kuskurenmu shi ne barin girman da mutum ya samu a wuri ɗaya ya malala zuwa inda bai san komai ba. Babban ma'aikacin ku ya san takardun ofis, wataƙila ya fi ku duka sanin yadda ake neman izinin gini. Hanyar ruwa kuwa wanda ya shekara da shekaru yana haƙa tushe a ƙasar garin nan ne ya san ta.

Don haka nakan raba abu biyu. Girmamawa haƙƙin na gaba ce: gaisuwa, kujera, sassauta murya, kada a katse shi. Bulus ya ce wa Timoti kada ya tsauta wa dattijo, ya roƙe shi kamar uba. Auna magana kuwa wani abu ne dabam. A kasuwa ba a sauya tiya don Alhaji ne ya zo awo, kuma Karin Magana 20:10 ta ce ma'auni iri biyu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Bulus ɗin nan da ya ce a girmama dattijo shi ne ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya da ya ga ya kauce (Galatiyawa 2:11).

To zunubi ne? Ban halarci zaman ba, bakinka kaɗai na ji, don haka ba zan yanke wa zuciyar kowa hukunci ba. Shirun ranar farko yana iya zama sakaci ko gajiya. Yana yiwuwa ma babban ma'aikacin ya ji maginin sarai, ya ga an yi watsi da maganar, ya ɗauko ta da gangan don ta sami shiga. Na ga masu hali na kirki suna yin haka, ko da yake kamata ya yi ya ambaci mai ita. Amma magana ɗaya a ƙi ta daga wani a karɓe ta daga wani, ba abin da ya sauya sai mai faɗa, wannan shi ne tarar da Yakubu ya kira zunubi. Rubuta ta da sunan wanda ba shi ya fara kawo ta ba kuwa ƙarya ce a takardar ikilisiya.

Abin da nake yi a zama, da abin da za ka iya yi

Wa'azi kaɗai ba ya gyara wannan, sai an sauya yadda ake zaman. In ni ke jagora, daga ƙasa nake fara tambaya: ƙarami, sannan mai sana'ar da abin ya shafa, mai kuɗi da fasto su zo ƙarshe. Dalili kuwa, da zarar babba ya yi magana, sauran sai "haka ne, Baba". Wannan ba sabon abu ba ne. A ƙarni na 6 Benedikt, wanda ya tsara zaman sufaye a Italiya, ya sa doka cewa in babbar magana ta taso a kira kowa da kowa, domin sau da yawa ƙarami Ubangiji ke bayyana wa abin da ya fi. Nakan kuma je gidan mai sana'a kafin ranar zama. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban manya, in ka same shi a kan tabarmarsa zai zana maka komai da tsinke a ƙasa, inda ruwa ke fitowa da inda yake taruwa. Zaman da Hausa nake yinsa, wanda ya jefa Faransanci in roƙe shi ya fassara. In maganar ta shafi ruwa, yara ko abincin taro, sai na ji daga zumuntar mata tukuna, don su ke ɗaukar nauyin abin da maza suka yanke. Ba na kuma so wanda ya fi ba da kuɗi ya zama shugaban kwamitin da zai kashe su, ba don zargi ba, don a sami mai iya ce masa a'a.

Kada in yaudare ka, waɗannan dabaru ba su warkar da zuciya. Ko ka fara da ƙarami, zai saci kallon fuskar mai siminti kafin ya buɗe baki. Na taɓa ganin inda aka ƙi shawarar mai bayarwa, gudummawa ta tsaya, bango ya yi damina biyu ba rufi. Ikilisiyar da ta zaɓi wannan hanya ta san akwai farashi.

Kai kuma, ɗana, ƙarami ne amma alƙalami na hannunka. Kada ka tayar da maganar a tsakiyar taro, kada kuma ka kai ta WhatsApp, don in ka kunyata dattijo a bainar jama'a za a bar zancen magini a koma zancen rashin kunyarka. Ka sami fasto ko shugaban kwamiti shi kaɗai, ka ce, "Baba, ina so in rubuta daidai, ɗan'uwa wane ne ya fara kawo wannan shawara, Baba wane ya ƙarfafa ta." Hakan bai rage wa kowa komai ba, kuma gaskiya ce. In kana da fuska wurin babban ma'aikacin, ka gaya masa shi ma cikin ladabi. Sau da yawa irinsu sukan ce "ai haka ne" su ambaci mutumin da bakinsu a zama na gaba, wanda ya fi kai ka faɗa tasiri nesa ba kusa ba. In aka hana ka gyarawa, kada ka fasa majami'a a kan haka, amma ka faɗa musu a hankali cewa ba za ka iya karanta abin da ka san ba haka ya faru ba.

Sannan ka je wurin maginin, ka ce masa ka ji maganarsa tun ranar farko. Ka tambaye shi tsawon da tushe ya kamata ya yi, ta ina magudanar za ta bi, siminti nawa za ta ci, ka rubuta ka kawo wa kwamiti da sunansa. Ka ba da shawara a sa shi cikin masu duba aikin. In kuwa aka ba shi ginin, ka tsaya a biya shi abin da za a biya maginin waje, domin mun saba cewa ɗan'uwa talaka ya yi "don Allah" alhali baƙo ana ƙirga masa kuɗinsa cif.